Hutun bazara mako guda: gidan Goggo, ko in zauna in san garin da nake?

Sadiq_Columbus:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga mu zama a ƙasar nan. Ina shekara ta biyu a jami'a a nan Columbus, jihar Ohio. Hutun bazara ya ƙarato, mako guda ne a tsakiyar Maris, in an haɗa da Asabar da Lahadin gaba da na baya ya tashi kwana tara. Abokan ajinmu sun yi karo-karo za su Florida bakin teku, sun ce in zo, amma na san abin da ake yi a can ba da irina ake yi ba. Goggona, ƙanwar mahaifinmu, tana Silver Spring a Maryland, tun saukata take cewa in zo, har yau ban je ba. Akwai kuma abokina na sakandare a Philadelphia, rabona da shi shekara huɗu. Abin da ya sa nake jan ƙafa, bara wani abokina ya je hutu gidan yayansa, ya dawo a gajiye fiye da yadda ya tafi. Don Allah zuwa gidan 'yan'uwa hutu ne kuwa? Ko in yi zamana in huta in ɗan zazzaga gari, tunda har yau daga ɗaki sai aji sai laburare na sani?

Maman_Ilham_Houston:
Wa alaikumus salam ɗana. Shekara biyu kuna ƙasa ɗaya da ƙanwar ubanka, ba ka taka ƙofarta ba, har kake tambaya? Zumunci a ƙafa yake. Waya ba ta cike gurbin zuwa. Tattara jakarka ka tafi, tun kafin maganar ta kai kunnen mahaifinka.

Zee_Minneapolis:
Hajiya ki yi haƙuri, ni dai ina bayan abokin nan nasa da ya dawo a gajiye, domin ya faru da ni. Shekarata ta farko na tafi gidan antina da murna, na ce zan ci abincin gida in yi barci. Ranar da na sauka aka tarbe ni kamar amarya. Washegari da asuba anti ta tafi aiki, mijinta ya tafi aiki, aka bar ni da yaro ɗan shekara biyu da jaririya, domin an ce wa mai rainon ta huta tunda ga Zee ta zo. Kwana bakwai ban ga komai a garin ba sai kantin da muke sayen kayan miya. Ba na ƙin taimako, amma da an faɗa min tun farko da na san abin da na je yi. Littattafan da na ɗauka ko buɗe su ban yi ba, ga jarabawa tana jira na dawo.

Maman_Ilham_Houston:
Zee 'yata, na ji ki, kuma ba a kyauta miki ba. Amma bari ku ji ta ɓangarenmu masu masauki. Ni nas ce, awa 12 nake yi a tsaye, wani lokaci dutin dare. Hutun jami'a bai san da zaman jadawalina ba, kuma sau da yawa bai dace da hutun yarana ba, domin kowace gundumar makarantu da nata kalandar, wasu a Maris suke bayarwa, wasu sai makon Ista. Sai yaro ya kira ni ranar Alhamis ya ce Anti ina hanya ranar Asabar. To ni in yi yaya? Hutun aiki a nan sai ka nema da makonni. In na ce kar ya zo, an ce Amurka ta canza ni. In ya zo na bar shi shi kaɗai da talabijin, an ce na wulaƙanta shi. Shi ya sa, Sadiq, duk da na ce ka tafi, ka fara kiran goggonka yau ɗin nan, ka tambaye ta ranakun da take gida. Ka faɗa mata ranar zuwa, ka faɗa mata ranar tafiya. Ranar tafiyar ce ma aka fi son ji, kunya ce ke hana mu tambaya.

Malam_Tukur:
Hajiya ta taɓo wajen. Addini ma ya yi wa abin iyaka: ya tabbata a hadisi cewa liyafar baƙo kwana uku ce, abin da ya ƙaru a kai sadaka ce, kuma bai halatta baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai masaukinsa ba. Hausawa kuma suka ce baƙo raɓa ne. Kwana tara kake da su, Malam Sadiq, wa ya ce dole ka zube su duka a gida ɗaya? Ba goggo uku, ba abokinka biyu, ragowar naka ne.

Injiniya_Bash:
Lissafin Malam ya yi kyau a takarda, amma a sa hanya a ciki. Daga Columbus zuwa yankin Washington mil 400 ne da 'yan kai, awa bakwai a mota in ba a yi ta tsayawa ba, bas kuwa ta fi haka nesa ba kusa ba. Kar ka ma nemi jirgin ƙasa daga nan, Columbus ba ta da jirgin fasinja tun 1979, abin da ke ba baƙi mamaki ganin girman garin. Ko dai bas, ko jirgin sama, ko ka samu wanda zai tuƙa ku raba kuɗin mai. Daga Washington zuwa Philadelphia ne abin ya zo da sauƙi, jirgin Amtrak wajen awa biyu, kuma in ka sayi tikiti da wuri ya fi araha. Wato kwana biyu sun tafi a hanya zuwa da dawowa. Uku da biyu da biyu, bakwai. Saura biyu, ɗaya na wanki, ɗaya na aikin da malamai suka jibga maka. To ina hutun?

Zee_Minneapolis:
Yauwa Injiniya, faɗa musu dai 😂

Dan_Maradi_Greensboro:
Salamu alaikum. Ni ba ɗan makaranta ba ne, amma ina da abin faɗi a kan agogo. Lahadi ta biyu a watan Maris ake tura agogo gaba da awa ɗaya a mafi yawan jihohi, kuma sau da yawa tana faɗowa daidai farkon hutunku ko ƙarshensa. Ƙanena ya zo mana hutu wata shekara, zai koma ran Lahadi da safe. Wayarsa ta mutu cikin dare, ya dogara da agogon bango na falo. Mun isa tasha muna ta fara'a, muka tarar mota ta tashi da kusan minti arba'in. Sai da muka sayi wani tikitin. A kula. Lokacin salla ma a agogo yakan motsa ranar.

Hauwa_DC:
Sadiq ka zo! Silver Spring tana kan jan layin Metro, jirgin ƙasan cikin birnin Washington, ba ka buƙatar goggo ta ɗauke ka a mota ko ta bar aikinta. Ka hau ka sauka a tsakiyar Washington. Gidajen tarihin Smithsonian kyauta ne, ba a biyan ko sisi, kuma yawancinsu a jere suke tsakanin ginin majalisa da dogon hasumiyar tunawa da George Washington. Akwai na fasahar Afirka, akwai na jiragen sama da sararin samaniya, akwai na tarihin baƙar fatan Amurka da aka buɗe a 2016. Waɗannan biyun na ƙarshe sai ka yanki takardar shiga mai lokaci ta intanet, ita ma kyauta, amma a lokacin hutu tana ƙarewa da wuri. Na baƙar fata kar ka haɗa shi da wani a rana ɗaya. Daga can ƙarƙashin ƙasa ake farawa, da cinikin bayi, kana hawa sama tarihi yana matsowa. Ni da na fito sai da na zauna a benci na jima ban yi magana ba. Ga kuma furannin ceri, lokacinsu ne.

Usman_Baltimore:
Anti Hauwa, a furannin nan ne zan ɗan ja da ke. Kar yaro ya taso daga Ohio da sa rai ya tarar da rassa tsirara. Cikar furen, wato ranar da kashi 70 cikin 100 na furannin suka buɗe, ta fi faɗowa ƙarshen Maris ko farkon Afrilu. A 2025 ranar 28 ga Maris ce. A 2024 ta yi sammako, 17 ga Maris, saboda sanyin shekarar bai yi tsanani ba. Shi kuwa tsakiyar wata zai zo, don haka sa'a ce. Hukumar kula da gandayen shaƙatawa ta ƙasa tana fitar da hasashe tun farkon Maris, ya duba. Itatuwan kyauta ce daga birnin Tokyo a 1912, sama da 3,000. In an dace abin kallo ne, amma cinkoson bakin tafkin nan na Tidal Basin sai wanda ya gani.

Hauwa_DC:
Na karɓi gyara Malam Usman. To in bai samu fure ba ai gidajen tarihi ba sa kaɗewa.

Baba_Alhaji_Bronx:
Yara ku bari in ba ku labarin kaina, ku yi dariya. Shekara 11 ina tuƙa tasi a New York. Na kai baƙi bakin jirgin da ke zuwa mutum-mutumin 'yanci sau ba adadi, ni kaina ban taɓa ganinsa kusa ba. Sai da ɗan ƙanwata ya zo hutun bazara daga wata jami'a, ya ce Kawu kai ni. Kunya ta kama ni. Shi baƙon ne ya gaya min akwai jirgin fito na Staten Island, kyauta yake tun 1997, dare da rana yana aiki, tafiyar minti 25, yana ratsawa ta gaban mutum-mutumin. Muka shiga, muka je muka dawo, iska tana kaɗa mu, ina ta ɗaukar hoto kamar wanda ya sauka jiya. Ido wa ka raina? Wanda nake gani yau da gobe. Don haka masu cewa baƙo nauyi ne, wani baƙon shi ke fitar da kai daga ramin da ka haƙa wa kanka, daga aiki sai gado.

Dr_Larai:
Baba Alhaji ya kawo mu rabin tambayar da kowa ya tsallake. Sadiq ya ce ko ya zauna ya zazzaga, aka yi kamar ba a ji ba. Na yi shekara biyar a Ohio lokacin digirina na uku, kuma ina gaya maka, ƙanena, kana zaune kusa da abubuwan da mutane ke tasowa daga wata nahiya su gani.

Gabas da kai, tafiyar ƙasa da awa ɗaya, akwai garin Newark. A can akwai ganuwoyin ƙasa da mutanen asalin ƙasar nan suka gina shekaru 1,600 zuwa 2,000 da suka wuce, waɗanda masana ke kira al'adar Hopewell. Ba ganuwar yaƙi ba ce, wurin taro da ibada ne. Akwai wata da'ira mai faɗin kusan ƙafa 1,200, akwai wata mai kusurwa takwas da aka daidaita da mafitar wata da mafaɗarsa, bisa zagayen da yake yi duk shekara 18.6. Ka tsaya ka yi tunani: mutanen da ba su da rubutu irin namu, da kwanduna suka yi ta jidar ƙasa, amma sun bi wata shekara da shekaru har suka gane wannan lissafin. A 2023 UNESCO ta sa wurare takwas irin waɗannan cikin kayan tarihin duniya, su ne na farko a jihar. Mai kusurwa takwas ɗin ta fi shekara ɗari tana cikin filin wasan golf, sai farkon 2025 aka buɗe ta ga kowa.

Yamma da kai, Dayton, mil 70. Garin 'yan'uwan nan biyu ne, Wright, da suka fara tashi da jirgi mai inji a 1903. Gidan tarihin sojan sama yana can, shiga kyauta, ajiye mota kyauta, jirage ɗaruruwa, har da wanda ya ɗauko gawar Shugaba Kennedy daga Dallas a 1963, kuma ana shiga cikinsa. Kudu maso gabas kuma Hocking Hills, kogunan dutse da ruwa mai zubowa daga kan tsauni, kuma gandayen jihar Ohio ba a biyan kuɗin shiga. A Maris ruwan ya fi ƙarfi saboda ƙanƙara ta narke, sai dai taɓo, ka sa takalmin da ba ka jin tausayinsa.

Ban ce kar ka je wajen goggo ba. Na dai ce zama ma ba asara ba ne.

Sadiq_Columbus:
Na gode ƙwarai iyayena da yayyena. Dakta, wallahi kin ba ni kunya, ko sunan Newark ɗin nan ban taɓa ji ba, na ɗauka ta New Jersey kaɗai ce. Matsalar dai ba ni da mota. Hajiya Maman Ilham, na kira Goggo ba ta ɗauka ba, na bar saƙo. Zan dawo da bayani.

Dr_Larai:
Mota ba hujja ba ce. Ka leƙa masallaci ranar Juma'a. Columbus cike take da Somaliyawa, bayan Minneapolis babu inda suka fi yawa a ƙasar nan, ga 'yan Afirka ta Yamma. Ba za ka rasa ɗalibi mai mota da shi ma hutun ya bar shi a gari ba. Ka sa mai, ya tuƙa.

Musa_Kalmomi:
Ku yi min afuwa zan ɗan karkata. Wannan "hutun bazara" da muke ta faɗa, kunnena bai yarda da shi ba. Bazara a wajenmu ai lokacin zafi ne mai tsanani kafin saukar damina. Nan kuwa a Maris mutum yana cikin rigar sanyi, wani lokaci har dusar ƙanƙara ke sauka. Da na ce wa mahaifiyata muna hutun bazara, cewa ta yi in yawaita shan ruwa in guji rana.

Zee_Minneapolis:
Ni da nake Minnesota fa? Bazarata da shebur nake share ta daga ƙofar gida.

Malam_Tukur:
Malam Musa, ai ta fuskar wata an dace: Maris zuwa Mayu can bazara ce, nan ma lokacin da ke bin sanyi ke nan, itatuwa suna toho. Yanayin ne ya bambanta. In ka ce hutun Maris kuma, masu yin nasu a Afrilu su ce ka ware su. A bar shi a bazara, kowa ya gane.

Kb_Tampa:
Ina karantawa ina jira wani ya kare Florida, shiru. Sadiq ya yi mana kuɗin goro. Gaskiya ne asalin wannan shagali na ɗalibai a bakin teku lokacin hutun bazara daga nan ya taso. A shekarun 1930 masu horar da 'yan wasan ninkaya na jami'o'in arewa suka fara kawo ɗalibansu Fort Lauderdale atisaye, saboda can ruwa ya daskare. Daga nan labari ya bazu, har a 1985 ɗalibai sama da 300,000 suka cika garin, mutanen gari suka gaji suka tsaurara doka, taron ya koma wasu garuruwa. Miami Beach ma ta sha saka dokar hana fitar dare a Maris, a 2024 har kamfe ta yi cewa ta raba gari da 'yan hutun. Amma wannan 'yan tituna ne kawai a jiha guda. Akwai Everglades, kuma Maris rani ne a can, sauro ya yi sauƙi, kadoji suna shan hantsi a bakin hanya. Akwai cibiyar harba kumbo ta Kennedy. Akwai St. Augustine da Sifaniyawa suka kafa a 1565. Ba wurin ba ne matsala, abokan tafiyar ne.

Maman_Ilham_Houston:
To ai ka faɗa da bakinka. Abokan tafiyar su ne ba mu yarda da su ba. Yaro ya ce ba da irinsa ake yi ba, kar ka ja mana shi.

Kb_Tampa:
Tuba nake Hajiya 🙏 Ya zo wata shekarar, gidana a buɗe yake. Kwana uku, kamar yadda Malam ya yanke.

Barista_A:
Wata magana ga duk ɗalibin da ke karanta wannan, ba Sadiq kaɗai ba. In dai cikin Amurka za ka yi yawo, ba ka da matsala, amma ka riƙe fasfo da takardarka ta I-20, wato shaidar ɗalibta da makaranta ta ba ka, kuma fasfo ɗin shi zai shigar da kai jirgin cikin gida in ba ka da katin shaida irin wanda ake nema tun Mayun 2025. Tsallaka iyaka kuwa wani abu ne daban. Duk shekara sai an samu wanda abokai suka ja shi Niagara, aka ce a leƙa ɓangaren Kanada an fi ganin ruwan da kyau. Kanada tana da tata bizar, dawowa kuma sai da sa hannun ofishin ɗaliban ƙasashen waje a kan takardarka. A Yulin 2025 yawancin bizar Amurka da ake ba 'yan Najeriya ta koma ta shiga sau ɗaya, mai wata uku, kuma dokokin shiga suna ta sauyawa. Kafin ka sayi tikitin ko'ina a wajen ƙasar, ka zauna da mutanen ofishin nan. Ni a ganina wannan ma dalili ne na a riƙe 'yan'uwan da ke kusa da kyau, tunda zuwa gida ya zama abin lissafi.

Nafi_Nebraska:
Ni ba ni da kowa a ƙasar nan, ko goggo ko kawu, shi ya sa nake karanta ƙorafin Zee ina murmushi. Hutuna na farko ɗakin cin abincin makaranta rufe shi aka yi, hostal ya zama kufai, ni kaɗai a hawa guda. Kwana na uku na fara magana da kaina. Duk wanda zai zauna ya tambayi ofishin masauki tun yanzu, domin wasu makarantun rufe ɗakunan suke yi gaba ɗaya, wasu sai ka cike takarda. Shekara ta biyu wata abokiyar karatuna ta kai ni gidan iyayenta kusa da Kearney. Da asuba suka tashe ni muka je bakin kogin Platte. A Maris wasu tsuntsaye dangin gauraka, sama da 500,000, suke yada zango a wurin kan hanyarsu ta zuwa arewa, suna kwana a tsaye cikin ruwa marar zurfi, da rana su bazu gonakin masara suna kiwo. Da gari ya fara wayewa suka tashi, kukansu ya cika ko'ina, sama ta yi duhu. Ban san sanda na fara tasbihi ba. Shekara guda ina jihar ban san da wannan ba. Sadiq, kai da kake da goggo, je ka. Ko raino aka ba ka, aƙalla akwai mai kiran sunanka daidai.

Zee_Minneapolis:
Nafi kin kashe min baki. Allah ya haɗa ki da naki. In kin ga dama bana ki zo wajena, babu jariri a ɗakina.

Malam_Tukur:
A duba kalanda kuma. A 2024 azumi ya kama ranar 11 ga Maris, a 2025 ranar 1 ga Maris, duka hutun ya faɗo cikinsa. Wanda ya taɓa buɗa-baki shi kaɗai a ɗakin makaranta ya san darajar gidan 'yan'uwa. Duk shekara yana ja baya da kwana 10 ko 11, don haka kowace shekara da nata lissafin.

Dan_Maradi_Greensboro:
Abin da Baba Alhaji ya faɗa ni ma ya same ni. Nan garinmu ne ɗalibai huɗu baƙar fata suka zauna a teburin cin abinci na kantin Woolworth ranar 1 ga Fabrairun 1960, suka ƙi tashi duk da an hana su abinci saboda launinsu. Kantin ya zama gidan tarihi tun 2010. Na yi shekaru ina wucewa ta gabansa. Ɗiyata ce ta matsa min a hutunsu muka shiga, ita ke yi min bayani. Tun daga nan duk baƙon da ya zo min can nake fara kai shi.

Usman_Baltimore:
Tunda hanyar Sadiq Washington ce sannan Philadelphia, ga wani zare da zai bi. Akwai wani Musulmi da aka kawo daga Afirka ta Yamma a 1752 aka sayar, Yarrow Mamout, masana suna kyautata zaton Bafulatani ne. Shekara 44 yana bauta kafin ya samu 'yanci, ya yi ta tara kuɗi har ya sayi gida a unguwar Georgetown da ke Washington, kuma bai bar sallarsa ba. A 1819 mai zane Charles Willson Peale ya zana shi yana tsoho, da hula a kansa. Zanen yana gidan fasaha na Philadelphia. Ka taka unguwarsa, bayan kwana biyu ka je ka kalli fuskarsa. Ni da na gan shi sai na ga kamar wani kakanmu. Juma'a kuma ka yi ta a babban masallacin nan na titin Massachusetts da aka buɗe a 1957, ko ka sa goggo ta kai ka na Turkawa a Lanham.

Injiniya_Bash:
Kun ga abin da nake faɗa? Yaro ya zo neman hutu, kun rubuta masa manhajar zango guda. Ganuwa, jirage, gidan tarihi biyar, zanen tsoho. Sadiq, ka zaɓi abu ɗaya a rana, sauran lokacin ka zauna a kicin ku yi hira da goggonka. Labarin mahaifinka yana yaro a bakinta kaɗai za ka ji shi, babu gidan tarihin da ya ajiye shi.

Sadiq_Columbus:
Goggo ta kira. Ta yi faɗa na minti goma kafin ta yi murna. Dutin dare take Litinin zuwa Laraba, amma daga Alhamis har Lahadi tana gida. Yaranta suna makaranta makon, nasu hutun sai gaba. Abin da nake tunani yanzu: in yi farkon makon a nan, in nemi mai mota mu je Newark ko Dayton, in gama aikin makaranta, Laraba in kama hanya. Sai dai hakan ya jefar da Philadelphia, kuma na riga na ce wa abokina ina zuwa. Goggo kuma ta ce ba ta san zancen kwana uku ba, sai Lahadi da yamma, alhali ina da aji Litinin ƙarfe takwas.

Hauwa_DC:
Abokin ya sauko mana. Awa biyu ce, ku haɗu a Washington ranar Asabar, kowa ya samu.

Usman_Baltimore:
To zanen fa?

Maman_Ilham_Houston:
Zane zai jira, ya jira shekara 200. Ɗana, kar ka shiga gidan hannu rabbana, ko 'ya'yan itace ne da ɗan abin yara ka riƙa. In ka ci abinci ka wanke kwanonka, ka kwashe shara ba sai an ce ba. Zancen Lahadi kuma ka sayi tikitin dawowa tun yau, na Asabar da dare ko Lahadi da sassafe, ka tura mata hotonsa. Da tikiti ba a musu.

Malam_Tukur:
Hajiya, Alhamis, Juma'a, Asabar. Uku ke nan cif, ban ce komai ba.

Zee_Minneapolis:
Sadiq, tambaya ɗaya kafin ka biya kuɗin tikiti: ƙaramin yaron gidan shekararsa nawa?

Sadiq_Columbus:
Wata takwas 😅